Ɗakunan Karatu Da Ɗaliban Sakandare: Kira Ga Manyan Makarantun Jihar Kebbi

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar WAEC da NECO ya fito, sai ka ji ana ta taya juna murna a gidajen rediyo da shafukan jaridu, ana ƙirga yawan ɗaliban da suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, hukumomi na bugun ƙirji, iyaye na raba goro. Mu kuwa da Allah Ya ɗora wa nauyin karɓar waɗannan yara a jami'o'i da kwalejoji, murnar tamu ba ta cika daɗewa ba, domin tun a zangon farko ake gane cewa yaron da ya zo da kiredit takwas bai san yadda ake nemo littafi a ɗakin karatu ba, bai san amfanin fihirisar da ke bayan littafi ba, kuma idan ka tambaye shi daga ina ya samo wata magana da ya rubuta, amsar da za ka ji ita ce, "Malam, a waya na gani."

Abin da aka saba yi idan maganar ta taso shi ne malaman jami'a su ɗora laifi a kan malaman sakandare, su kuma su ɗora a kan na firamare, na firamare su tura wa iyaye da gwamnati. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gaskiyar magana ita ce, manyan makarantu suna da abin da za su iya yi tun kafin yaron ya iso ƙofarsu, kuma abin yana hannunsu, a kulle cikin ɗakunan karatunsu. Kiran da nake so in yi a wannan rubutu shi ne, jami'o'i da kwalejojin da ke Jihar Kebbi, tare da hukumar laburare ta jiha da gidan tarihi na Argungu, su ƙulla yarjejeniya a rubuce da makarantun sakandaren da ke maƙwabtaka da su, domin a koya wa ɗaliban babbar sakandare yadda ake bincike kafin su kammala.

Ya kamata in fayyace abin da nake nufi da bincike, don kada mai karatu ya ɗauka ina so a mayar da ɗan shekara goma sha shida farfesa. Abubuwa ne guda huɗu masu sauƙin faɗi. Yaro ya iya tsara tambaya ƙarama wadda za a iya amsawa. Ya san inda zai nemi amsarta, a littafi ko a jarida ko a bakin dattijo ko a intanet. Ya iya auna abin da ya samu, wato ya tambayi kansa wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, ta yaya ya sani, kuma me zai ƙaru da shi idan an yarda. Sannan ya iya rubuta abin da ya gano da kalmominsa, yana mai bayyana madogararsa ba tare da ya saci maganar wani ya ce tasa ce ba. Duk wanda ya mallaki waɗannan huɗun, ko karatunsa ya tsaya a sakandare, ba za a yi wasa da hankalinsa cikin sauƙi ba, ko a kasuwa, ko a asibiti, ko a wurin jefa ƙuri'a.

A jami'o'inmu akwai darasin share fage da ake koya wa 'yan shekarar farko a kan amfani da laburare. Duk wanda ya taɓa leƙa zauren da ake yin wannan darasi ya san yadda lamarin yake: ɗaruruwan ɗalibai a cunkushe, malami ɗaya da lasifika, a haddace ma'anar "katalog" a rubuta jarrabawa, a wuce wurin. Sai an zo shekarar ƙarshe, lokacin rubuta kundin digiri, sannan asiri ke tonuwa. Ni da kaina na sha karɓar babi na biyu na kundin ɗalibi in tarar da shi kalma da kalma a kundin wani da aka rubuta shekaru biyar da suka wuce, har da kurakuran buga rubutu ba a gyara ba. Idan ka tsare yaron, sau da yawa za ka ga bai ma ɗauki abin a matsayin sata ba, don babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa bambanci tsakanin kawo maganar wani da kwashe ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ba a koya wa yaro yana aji biyar na sakandare ba, da wuya ya zauna masa a wata uku na ƙarshen digiri.

Lamarin ya ƙara tsananta ne saboda wayar da ke hannun kowa. A da matsalar ɗalibin Birnin Kebbi ko Argungu ita ce ƙarancin abin karantawa. Yanzu kuwa bayanai ne ke malalowa kamar ambaliyar gulbin Rima, mai kyau da gurɓatacce a haɗe, ta WhatsApp da Facebook da TikTok. Ba mu manta da watan Agusta na 2014 ba, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri kuma ya sha, aka tashi iyalai da asuba, har aka sami asarar rayuka. Masu digiri da yawa sun yi wannan wanka. Kuma kada a ɗauka abin namu ne kawai. A 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa ɗalibai fiye da 7,800 a jihohi 12, inda suka gano cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙaramar sakandaren da aka gwada ba su iya bambanta talla da labarin jarida a shafin intanet ba. Idan haka ta faru a ƙasar da kusan kowace unguwa ke da laburare, ina ga yaranmu?

Daga ƙarshen 2022 kuma sai ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda za ka ba su tambaya su tsara maka maƙala cikin daƙiƙa kaɗan, da Turanci mai santsi, wani lokaci har da sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba da marubutan da ba a taɓa haifa ba. Hana yara amfani da su ba zai yiwu ba, kamar yadda hana su waya bai yiwu ba. Makamin da ya rage shi ne yaro ya san yadda zai bi sawun magana zuwa tushenta, ya ɗauko littafin da aka ambata ya buɗe shafin ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Wannan kuwa sana'ar ma'aikatan laburare ce, ita suka karanta, kuma a kanta ake biyan su albashi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wasu ke kallon wannan tarbiyya ta bin diddigi a matsayin baƙon abu da Turawa suka kawo. A ƙasar Gwandu muke, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Daga cikin rubuce-rubucensa akwai Ida'un Nusukh, wanda a cikinsa ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowane ɗaya, tun daga mahaifinsa da wansa Shehu Usmanu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Wannan ba komai ba ne illa mutum ya bayyana madogararsa, ya ce ga inda na samo ilimina, mai so ya bincika. A fagen da na fi sani, wato nazarin harshe, ya bar mana Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu. Tazyinul Waraƙat nasa kuwa, wanda Mervyn Hiskett ya fassara zuwa Turanci aka buga a Ibadan a 1963, har yau yana cikin manyan madogaran masu nazarin tarihin jihadi. Malaman hadisi tun ƙarnonin farko sun gina ilimi sukutum a kan tambayar wa ya faɗa kuma daga wa ya ji. Almajirin zaure a garuruwanmu ya san ba a kawo magana a gaban malam sai an faɗi littafi da babi. Jikokin waɗannan mutane ne yau suke tura saƙon da ba su san asalinsa ba zuwa rukuni goma kafin su gama karanta shi.

To, me ya sa sakandarenmu suka kasa ba da wannan tarbiyya? Wani zai ce sakacin malamai ne, amma akwai dalilin da ya fi wannan zurfi, kuma dalilin na kuɗi ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda hukumar UBEC ke aiki da ita, ta tsaya ne a shekaru tara na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare. Asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993 a da yana taɓa kowane mataki, amma dokar 2011 da ta mayar da shi TETFund ta taƙaita shi ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati, kuma cikin abubuwan da yake ba su kuɗi a kai har da bunƙasa ɗakunan karatu. Babbar sakandare sai ta faɗa tsakiya kamar marainiya. An kafa hukumar tarayya mai kula da wannan mataki, amma har yanzu nauyin yana wuyan jihohi ne, inda albashi da ciyar da 'yan makarantun kwana da kuɗin jarrabawa ke cinye mafi yawan abin da aka ware. Sakamakon haka, duk wanda ya zaga ya san makarantu da yawa abin da suke kira laburare ɗaki ne a kulle, da 'yan tsofaffin littattafan karatu da gara ta fara ci, makullin kuma yana hannun malamin da aka ɗora wa aikin a kan darussansa, alhali a nesa kaɗan akwai ginin laburare na babbar makaranta da dubban littattafai da kwamfutoci da ƙwararrun ma'aikata.

Mu duba abin da Allah Ya hore wa wannan yanki. A cikin garin Birnin Kebbi akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Wazirin Gwandu Umaru Nasarawa, malami kuma marubucin waƙoƙin Hausa. A Kalgo akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006. A Argungu akwai Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, ga kuma gidan tarihi na Kanta, wanda fadar Sarkin Kabi ce har zuwa 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Idan aka miƙa zuwa Sakkwato akwai ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da cibiyar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu mai ɗimbin rubuce-rubucen hannu. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar nan a 1991 babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Yau ɗalibin Kwalejin Nagari a Birnin Kebbi ko na Kwalejin Kanta a Argungu yana iya wucewa ta ƙofar babban ɗakin karatu kullum har ya gama sakandare bai taɓa sanya ƙafa a ciki ba, don babu wanda ya ce masa yana da izinin shiga.

Wasu ƙasashe sun riga sun gwada wannan hanya. A birnin Nashville na Amurka, tun daga 2009, aka haɗa laburaren birni da makarantun gwamnati, ta yadda lambar shaidar ɗalibi ita ce katin aronsa, ya zaɓi littafi a kwamfuta a kawo masa har makaranta. Birnin New York ya fara irin wannan a 2011 tsakanin hukumar iliminsa da manyan laburarensa uku. A Amurkan dai akwai gasar binciken tarihi ta 'yan sakandare da ta faro daga wata jami'a a birnin Cleveland a 1974, har ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A Ingila kuwa, tun daga 2008 ɗalibin ƙarshen sakandare na iya zaɓar rubuta maƙalar bincike mai kalmomi kusan 5,000 a kan abin da ya ga dama, jami'o'i su duba makinta wajen ɗaukarsa. Na kawo waɗannan ne don a ga ba mafarki nake yi ba. Amma ba sai mun tafi nesa ba, domin da tsohuwar zuma ake magani. A zamanin Jihar Arewa, babban laburaren jihar da ke Kaduna tun cikin shekarun 1950 yana aika akwatunan littattafai zuwa makarantu da ɗakunan karatu na En'e, a karanta a mayar a kawo wasu. Abin da aka iya yi da akwatin katako da motar gwamnati guda a kan hanyar ɓurji, ban ga dalilin da zai sa ya gagare mu yau ba.

Ga yadda nake ganin za a tsara abin. Na farko, kowace babbar makaranta ta ɗauki sakandare uku ko huɗu da ke kusa da ita, na maza da na mata, a sa hannu a takarda tsakanin shugabanninsu da ma'aikatar ilimi, don kada shirin ya mutu ranar da aka canza wa wani wurin aiki. Na biyu, a kai 'yan aji biyu na babbar sakandare ɗakin karatun sau biyu ko uku a zango, rukuni-rukuni da bai wuce mutum arba'in ba, ma'aikacin laburare ya nuna musu yadda aka jera littattafai a kanta, yadda ake amfani da ƙamus da fihirisa, da yadda ake tantance shafin intanet. Na zaɓi wannan aji ne don 'yan aji uku hankalinsu na kan jarrabawa. Na uku, kowane rukuni na mutum uku zuwa biyar ya ɗauki tambaya ɗaya ya bi ta tsawon zango biyu, ya rubuta rahoto na shafi biyar zuwa goma tare da madogara. Na huɗu, ɗaliban kwalejin ilimi da ke zuwa koyon aikin koyarwa su zama masu lura da waɗannan rukunoni, a sa musu maki a kai, ta haka an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin malamin gobe ma ya koya. Na biyar, a ƙarshen shekara a yi taron baje koli, a karanta rahotannin da suka fi kyau a gaban iyaye da sarakuna, a ɗaure su a ajiye a laburare da sunayen yaran a jiki.

Tambayoyin da za a ba yaran su ne zuciyar shirin, kuma dole su kasance na gida, waɗanda ba za a iya kwafo amsarsu daga waya ba. Alal misali, an san cewa bikin kamun kifi na Argungu a tsarinsa na yanzu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, wadda ta zama alamar sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. To, a tura yara su tambayi dattawan gidan Sarkin Ruwa da na Homa yadda suka ji labarin daga iyayensu, su karanta abin da littattafai suka ce, su duba kayan da ke gidan tarihi na Kanta, sannan su rubuta inda ruwayoyin suka dace da inda suka saɓa. Yaron da ya yi wannan aiki sau ɗaya ya fahimci abin da ake nufi da madogara fiye da wanda ya haddace ma'anarta sau ɗari.

A fannin harshe, wani rukuni na iya zama da masunta a bakin Matan Fada su tattara sunayen kifaye da na kayan su da kalmomin da ake amfani da su a kan ruwa, su zo laburare su duba ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, su ga waɗanne ne aka shigar, waɗanne ne babu. Ina da yaƙinin za su dawo da kalmomin da babu su a kowane ƙamus, kuma ranar da yarinya 'yar aji biyar ta gane cewa ta rubuta abin da babu wanda ya riga ta rubutawa, ranar ce za ta daina jin tsoron littafi. Haka za a iya yi da karin harshen yankin, inda ake cewa "biyat" da "wanga" da "shina", abin da yaranmu da yawa suka taso suna jin kunyarsa a gaban Kanawa, alhali masana harshe na ganin Hausar yamma ta riƙe tsofaffin siffofi da yawa da ta gabas ta saki. Ga kuma harsunan Dakarkari da Kambari da Dukawa da Gungawa da Zabarmawa da Kyangawa, waɗanda abin da aka rubuta a kansu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da yawan masu magana da su.

Masu sha'awar kimiyya da tattalin arziki ma ba za su rasa abin yi ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, a Argungu kuma aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017, sannan ambaliyar 2020 ta zo ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa a fadamun jihar. Me waɗannan abubuwa suka canza a rayuwar manomin Zauro ko Ambursa? Nawa yake kashewa a buhun taki da man injin ban-ruwa, nawa yake sayar da buhun shanshera? Yara su tambayi manoma goma, su karanta abin da jaridu suka ruwaito a lokacin, su gwada ƙididdigar da hukumomi suka bayar da abin da suka ji da kunnensu. Ɗan unguwar Nasarawa kuma ya binciko yadda unguwarsu ta kafu, ya nemo waƙoƙin Waziri Umaru da ke hannun iyalai da almajirai, ya rubuta inda ya sami kowace. Tun da gwamnatin tarayya ta mayar da darasin Tarihi makarantu a 2022 bayan fiye da shekara goma da cire shi, malaman da ke koyar da shi suna buƙatar irin waɗannan rubuce-rubuce na gida.

Na san za a kawo uzurori, kuma wasunsu masu ƙarfi ne. Shugaban laburare zai ce kujerunsa ba su ma ishi ɗalibansa ba, kuma yara za su yaga littattafai ko su sace. Amsa ita ce a yi amfani da ranakun Asabar da lokutan hutun jami'a, sa'ad da zauren ke zama fayau, kuma a fara da karatu a wurin, aro ya kasance ta hannun makaranta. Littafin da ya tsufa a hannun masu karatu ya yi abin da aka saye shi dominsa, wanda kuwa ya shekara goma a kanta ba a buɗe shi ba, gara ce za ta gaje shi. Shugaban sakandare zai ce manhaja ta cika, kuma da sakamakon WAEC ake auna shi. Haka ne, amma yaron da ya saba karanta shafi goma ya taƙaita su a sakin layi ɗaya, shi ne zai fi iya amsa tambayar taƙaitawa da ta fahimta a jarrabawar Turanci, wadda ita ce ke kayar da yaranmu shekara da shekaru.

Wani zai ce Turancin yaran bai kai su yi bincike ba. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi a matsayina na malamin harshe. A bar yaro ya yi hira da dattawa da Hausa, ya rubuta rahotonsa da Hausa idan ya so, ya ƙara da taƙaitawa ta shafi ɗaya da Turanci. Iya tunani da iya Turanci abubuwa biyu ne daban, kuma haɗa su da muka yi ya sa yara masu kaifin basira da yawa sun yi shiru a aji har ana ɗaukarsu daƙiƙai. Wanda ya koyi auna hujja da harshen da ya tashi da shi, zai ɗauki wannan ƙwarewa ya shiga da ita kowane harshe ya koya daga baya.

Uzurin da ya fi kowanne nauyi shi ne na tsaro. Jihar da aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a 2021, aka kuma sake ɗaukar 'yan mata daga makarantar Maga a 2025, babu uban da za a ga laifinsa idan ya ƙi yarda a sa 'yarsa a bas a yi doguwar tafiya da ita. Saboda haka ne na ce a fara da makarantun da ke cikin gari ɗaya da babbar makarantar, tafiyar da ba ta wuce 'yan mintoci ba, da rana tsaka, tare da malamai mata ga 'yan mata. Makarantun karkara kuwa, littafin ne zai je musu: a farfaɗo da tsarin akwati, ma'aikacin laburare ya riƙa kai ziyara sau ɗaya a wata, da littattafai hamsin da kwamfuta ɗaya da aka loda wa kundayen ilimi masu aiki ba tare da intanet ba, ana cajin ta da hasken rana. Masu kai hari makarantu burinsu a rufe su. Duk littafin da ya isa hannun yarinya a Danko-Wasagu ko Sakaba, wani ɓangare ne na amsar da za mu ba su.

Maganar kuɗi kuwa, abin da shirin ke buƙata shi ne man bas, da ɗan alawus na ma'aikatan da za su fito ranar Asabar, da takarda da kuɗin ɗaure rahotanni, da kyaututtukan ƙarshen shekara. Gine-ginen suna nan, littattafan suna nan, ma'aikatan suna nan. Abin da ake kashewa a bikin yaye ɗalibai guda ɗaya, da rumfuna da anko da kalanda, zai riƙe wannan shiri shekara guda a makarantu da dama. Kamfanonin shinkafa da ke cin arzikin fadamunmu, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗaliban Nagari da Kanta waɗanda cikinsu akwai manyan ma'aikata da 'yan kasuwa a Abuja da Kaduna da Legas, za su iya ɗaukar nauyin kyaututtukan ba tare da sun ji a jikinsu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, kirana na farko ga shugabannin jami'o'i da kwalejojin jihar nan ne da shugabannin ɗakunan karatunsu, domin ba sa buƙatar jiran doka ko kasafin kuɗi kafin su rubuta wa sakandaren da ke bayan katangarsu wasiƙar gayyata. Hidima ga al'umma na cikin ayyuka uku da aka kafa kowace jami'a dominsu, kuma su ne za su fara cin moriyar abin idan yaran suka iso gare su a shirye. Kirana na biyu ga Gwamna Nasir Idris ne, wanda malamin makaranta ne kuma ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa, da ya umarci ma'aikatun ilimi su shigar da aikin bincike cikin makin da ake tara wa ɗalibi a aji biyu na babbar sakandare, don abin da babu maki a kansa ba ya daɗewa a makarantunmu. Na uku ga masu martaba sarakunan Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, su buɗe wa yaran ƙofofin fada da taskokin tarihi, su umarci hakimai da dattawa su saurare su idan sun zo da tambaya. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo gida ya ce an aiko shi ya tambayi kakarsa yadda ake rini ko yadda aka yi yunwar wata shekara, kada a kore shi a ce ya cika surutu. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauraro, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.